Waƙar Tukunyar Shinkafa

Zuwa ga Yayana Hamisu,
a makwancinsa na Baƙi'a, Madina.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ƙane ke yi wa wansa, a durƙushe, ba a tsaye ba. A wasiƙa akan ce da fatan kana lafiya. Ni fatan da nake yi shi ne an yalwata maka inda kake, an kuma buɗe maka taga mai iska. Ni ne Nafi'u. Ina nan unguwar Sultana, a shagonmu, a kan kujerar nan taka mai gajeriyar ƙafa wadda ka yi ta cewa gobe za ka gyara.

Ba don ina zaton za ka karanta nake rubutawa ba. Akwai maganar da ke yawo a unguwarmu ta Ƙurban tun ranar da muka kai ka, kuma na gaji da jin ta a bakin yara. Wai Hamisu mai gyaran bidiyo, a birnin Manzo, ya cika da waƙar tallar Japan a bakinsa. In na isa majalisar 'yan gida bayan la'asar sai hira ta mutu, a miƙo mini shayi da hannu biyu kamar ni ne majinyacin. Ba ni da ƙarfin tsayawa gaban dattawa in yi ta musu. Kai zan gaya wa, tunda kana wurin. Wanda ya ga dama ya saurara.

Ka riga ni zuwa ƙasar nan da shekaru. Ni karatun hadisi ya kawo ni. Da Baba ya rasu, gida ya buƙaci hannu, karatun ya tsaya, na zauna a ɗakinka na Ƙurban ina kallon bango. Ba ka yi mini wa'azi ba. Ka ja ni shago, ka miƙo mini wayoyi biyu ka ce, "Riƙe nan, kada ka bari su haɗu." Shi ke nan na zama mai gyara. Abokan ajina suka zama malamai, ni na zama mai warin dalma. Ka san ban taɓa yafe wa duniya wannan ba, kuma kai kaɗai nake iya faɗa wa.

A farkon shekarun casa'in ne aka fara kawo mana tsofaffin bidiyo daga Japan, ta Jidda, a kwalaye masu warin jirgin ruwa. A cikin ɗaya muka tarar da kaset ya maƙale. Ka zaro shi a hankali, ka naɗe zaren da biro, muka saka. Wani bawan Allah ne a can ya naɗi wasan kwaikwayo daga talabijin, bai ma cire tallace-tallacen ba.

Kaset ɗin ya zama kayan aiki. Tsarin hoton Japan daban yake da na nan, ba kowace na'ura ke karanta shi ba. In bidiyo ya nuna shi da kala, hoto bai yi rawa ba, to ya gyaru, a kira mai shi. Don haka duk na'urar da ta bar teburinka sai ta bi ta kansa. Kuma kullum wuri ɗaya kake mayar da shi, wurin tallar tukunyar shinkafa, wai a nan ne jan launi da fari suka fi fitowa.

Ƙarya kake yi, Yaya. Waƙar kake so.

Har yanzu ina ganin tallar ko na rufe ido. Wani magidanci ya dawo daga aiki cikin ruwan sama, ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa. Yara na waƙa, muryarsu na hawa kamar masu hawa bene. Sai su tsaya cak. Tukunyar lantarki ta yi ƙara sau ɗaya, ƙil, kamar an taɓa kofi da cokali. Matar ta buɗe murfi, tururi ya tashi, yaran suka sauko da waƙar har ƙasa. Kafin ka kurɓi shayi sau biyu an gama. Ba mu taɓa sanin me suke cewa ba. Ba mu taɓa haɗuwa da mutumin da za mu tambaya ba.

Kai kana binsu da baki, kalma bayan kalma, kana ɗaure sukurori. Har wurin ƙil ɗin kana dakatawa, ka ɗaga sukundireba sama, sai ta yi sannan ka ci gaba. Mai gasa burodin tamis na kusa da mu ya iya ta. Direbobin da ke kawo kaya sun iya ta. Alhaji Idi na majalisa, duk sanda ya zo karɓar rediyonsa, sai ya toshe kunne ya ce mun mayar da shago gidan gala.

Ni kuwa na tsane ta. In na tayar da sallah a Harami, liman na tsakiyar sura, sai in ji yaran nan sun fara hawa bene a cikin kaina. In yi ta'awwuzi, su dakata, su jira ƙil, su dawo. Na taɓa ɓoye kaset ɗin a bayan kwandishan, ka nemo shi. Ka ce, "Nafi'u, mutanen nan ba su san da mu ba, amma kullum sai sun yi mana sannu da zuwa gida." Na ce maka su tukunya suke sayarwa. Ka ce ai ka sani.

Gaskiya ɗaya zan faɗa a kansu, ko da ba na so. Wanda ya ƙera waƙar nan ya san aikinsa kamar yadda ka san naka. An ba shi ɗan lokacin da bai kai na wanke hannu ba, an ce ya shiga kan mutum ya ƙi fita. Ya shiga. Da haka ake gyaran bidiyo, da babu na'urar da za ta dawo mana sau biyu.

Shekaru suka tafi a haka. Ka yi furfura, 'yarka Hanan ta girma. Haifaffiyar nan, Hausa a kunne, Larabci a baki. Ka ce mata "Kawo ruwa," ta ce "Hadir, ya Baba." Ka yi faɗa har ka gaji. Kakan ce in ka kai ta gida sai an nemo mata tafinta kafin ta gaida kakarta.

Sai ranar da ka sunkuya ɗaukar fulogi, ba ka ɗago ba.

A asibiti likita, wani Bamisire mai gajiya a ido, ya ce jijiya ce ta toshe a ka. Ɓarin dama ya shanye. Ya ce hankalinka na nan, kana jin komai, amma wurin da magana ke fitowa ya lalace. Ya kuma ja ni gefe ya ce irin wannan takan dawo, in ta dawo ba ta cika bari ba.

Muka mai da kai gida. Kai da kake cika shago da surutu, ka koma sauti ɗaya, wani gurnani daga maƙogwaro. Da shi kake neman ruwa, da shi kake cewa a juya ka. Wannan duk ka jure. Abin da ba ka jure ba shi ne bayan kowace sallah. Sai ka sa hannun hagu ka kamo mataccen hannun dama, ka miƙar da manuniya, ka buɗe baki. Leɓe na rawa, jijiyar wuya ta tashi. Babu abin da ke fita. Sai hawaye. Mun gane abin da kake nema. Mutumin da ya bar garinsu, ya haƙura da kafili, ubangidan da ke riƙe da takardunsa, da wulaƙancin sabunta iƙamar zama a ƙasa shekara da shekaru don dai ya mutu a Madina, ga shi a Madina, ga mutuwa a bakin ƙofa, kalmar shahada ta ƙi hawa harshensa.

Mun yi ta laƙƙana maka. Hanan ta yi, mahaifiyarta ta yi, ni na yi har muryata ta dushe. Kana kallon bakinmu kamar mai kallon jirgin da ya tashi ya bar shi.

Zaman ɗaki ya fara cin ka, sai na riƙa tura ka a keke zuwa shago, Hanan na biye da mu da abincinka. Wata rana bayan an buɗe shaguna daga sallar la'asar, na gama da wani bidiyo, na cusa kaset ɗin ba tare da tunanin komai ba. Magidanci ya tuɓe takalmi. Yara suka fara.

Kai ma ka fara.

Yaya, tiryan-tiryan ka yi ta. Kowace kalma ta Japananci ta fito fes, daga bakin da wata da watanni bai ce "ruwa" ba. Ka dakata a inda suke dakatawa. Tukunya ta yi ƙil. Ka sauko da su har ƙasa.

Ba murna na yi ba, kada in yi maka ƙarya. Wani baƙin ciki ne ya taso mini da ban taɓa jin irinsa ba. Sunan Allah ya ɓace, sunan 'yarka ya ɓace, Fatiha ta ɓace, abin da ya rage a kan wana shi ne tallar tukunya. Na fizgo kaset ɗin na ɗaga guduma. Hanan ce ta riƙe mini hannu. Ta ce, "Ya ammi, ƙofa ce. Kada ka fasa ƙofa."

Ita ta fara gwadawa. Ta durƙusa gaban kekenka, ta ɗauki karin waƙar, ta cire kalmomin Japan ta ɗora nata. Da Larabci ta fara, ba ka motsa ba. Sai ta koma Hausa, irin tata mai ɗingishi. Ba-ba, ru-wa. Ba-ba, ru-wa. Ta yi ta yi, kwanaki. Ran da ka mayar mata, sai da mai tamis ya leƙo jin ihun da ta yi. Daga ruwa aka koma shayi, daga shayi aka koma sunanta. Abin da faɗanka na shekaru bai sa ta yi ba, ciwonka ya sa. Ta riƙa tare ni a ƙofa tana tambaya yaya ake cewa kaza da Hausa. Na san kana ji, don ɓarin bakinka mai rai yana ɗagawa.

Amma bayan kowace sallah kana nan kana kamo yatsa. Kuma yanzu in ka kama, ni kake kallo, sannan ka kalli Hanan. Mun san abin da kake roƙo. Mu ne muka ji tsoro.

Na je wurin Malam Bashir. Ka tuna shi, abokin ajina, wanda yanzu yake koyarwa a jami'a. Shekaru ina kauce wa layin gidansu a Khalidiyya, don ba na son in ga abin da ban zama ba. Na zauna a falonsa cikin littattafai na faɗi abin da ke tafe da ni. Ya ce Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ba zai iya ba, zuciyarka ta isa, yatsanka ya isa, kuma kalmar ta fi ƙarfin a ɗora ta a kan kiɗan 'yan kasuwa. Na fito ina zaginsa a zuci. Amma na yi karatun da zan san bai faɗi kuskure ba.

Abin da ban zata ba, ranar Juma'a sai ga shi a Ƙurban da ledar dabino. Ya zauna har aka yi la'asar a ɗakinka. Ya ga ka kamo yatsa. Ya ga wuyanka. Ya daɗe yana kallon tabarma. Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa yana neman takalminsa, bai dube ni ba, ya ce, "Ni ban ba da fatawa ba. Amma ku kashe na'ura. In babu kiɗa, abin da ya rage muryarsa ce, kuma ban san wanda ya hana bawa kiran Ubangijinsa da muryar da ta rage masa ba." Wannan mutumin na yi shekaru ina jin haushinsa, Yaya. Ka shaida na faɗi alherinsa.

Muka kashe na'ura. Muka ja karin a hankali, muka rage masa gudu, har ya daina kama da talla, ya koma kamar yadda Inna ke lallashin yaro. Dole sai ka fara bin sa da gunji tukuna, baki a rufe, daga farko har ƙarshe, kamar mai tayar da tsohuwar mota. A zagaye na biyu ne kalmomi ke hawa.

Nan muka gamu da abin da ya fi shirun tsoro. Rabin farko na kalmar ya zauna daidai kan hawan yaran. La ilaha. Sai ka tsaya cak, a inda suke tsayawa. Ka tsaya a kan "babu abin bauta," ba ka ƙarasa da "sai Allah" ba. Idonka ya firfito, don ka fi mu sanin inda ka tsaya. Hanan ta fita da gudu. Ni na ce mun shiga uku, mun ɗauko mutum daga shiru mun ajiye shi a inda ya fi shiru muni. Na yi niyyar mu bari gaba ɗaya.

A shago na gane, ina motsa shayi. Ba mantawa kake yi ba. Jira kake yi. Shekara da shekaru ba ka taɓa tsallake wurin nan ba sai tukunya ta yi ƙara. Na koma gida da kofin a hannu. Ka hau, ka tsaya. Na taɓa kofin da cokali.

Illallah.

Ka faɗe ta, ka sake faɗa, ka ƙi yarda mu tashi har aka kira magariba. Daga baya, saboda maganar Malam Bashir, na ajiye cokalin. Na koma taɓa bayan hannunka na hagu da yatsa, sau ɗaya, a daidai wurin. Ka karɓi wannan. Tun daga ranar ban yarda na yi nisa da kai ba, Hanan ma haka. Ko wanka zan shiga sai na tabbatar tana kusa da hannun.

Yanzu ga abin da ya faru ranar, don shi ne ake juyawa.

Da hantsi ne. Tun asuba numfashinka ya canza, mun kuma gane. Alhaji Idi ya zo dubiya, ya hau bene, ya tsaya a bakin ƙofa zai yi sallama. A daidai lokacin ka fara gunjin farko, baki a rufe. Ya san karin, ya sha toshe masa kunne a shago. Ya yi salati ya juya ya sauka. Na ji takunsa, amma hannunka na cikin nawa, ba zan saki in bi shi ba.

Ban ce ya yi ƙarya ba. Abin da ya ji ke nan. Da ni ne a bakin ƙofar ban san komai ba, wataƙila abin da zan ɗauka ke nan. Laifinsa ɗaya, bai ƙara ko numfashi uku a tsaye ba, kuma bai tambaye ni ba kafin ya kai maganar majalisa.

Da ya tsaya, da ya ji zagaye na biyu. Muryarka ta yi ƙasa sosai, sai da na kai kunne. Ka hau a hankali, kamar mai ɗauke da kaya. La ilaha. Ka tsaya. Tsayuwar ta yi tsawon da ba ta taɓa yi ba, ƙirjinka bai ɗaga ba, na ce shi ke nan, a nan za a yanke. Yatsana ya ƙi motsi don tsoro. Hanan ce ta ɗora hannunta a kan nawa ta danna.

Ka ƙarasa, Yaya. Da kunnena na ji, da kunnenta ta ji, mahaifiyarta na tsaye a kanmu. Ka sauko da ita har ƙasa, ba ka bar ko harafi ba. Bayanta ba ka ƙara cewa komai ba.

Aka yi maka sallah a Harami bayan azahar, cikin dubban mutanen da ba su san sunanka ba. Aka sa ka a Baƙi'a, inda babu allo babu suna. Na riƙe wurin da ido, amma da na koma bayan mako biyu na kasa bambance naka da na maƙwabtanka. Sai na yi wa layin duka sallama.

Shago yana mutuwa a hankali. Faifai da dish sun kashe bidiyo, sai a wuni ba a kawo ko ɗaya ba. Kaset ɗin yana aljihun tebur, zarensa ya saki, jan launin ya koɗe. Ban ƙara sakawa ba, ba na buƙata. Har yanzu yaran suna zuwa mini a sallah. Na daina korarsu da ƙarfi irin na da. In sun tsaya, ni na san abin da ke biye.

Gida kuma, kullum ina cewa baɗi. Waɗanda zan koma dominsu sun ƙare ɗaya bayan ɗaya, kai ne na ƙarshe, kai kuma kana nan. Kwanan baya na yi wannan ƙorafin gaban Hanan, na ce ni ko wa zai zauna kusa da hannuna. Ta harare ni irin hararka, ta ce da Hausa, ba ɗingishi, "Baffa, ai ina nan."

Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya karɓi kalmar da ka sha wuya kafin ka kawo ta. Ya sa ita ce za ta tarbe ka. Allah Ya saka wa Malam Bashir da alheri, Ya yafe wa Alhaji Idi, Ya yafe mini haushinsa da nake ji har yanzu. Wanda ya ƙera waƙar nan a can ƙasarsu, da wanda ya manta kaset a cikin na'ura, ban san sunansu ba, ban san ko suna raye ba. Allah Ya san su. Ya shirye su, Ya ba su alheri, don tukunya suka yi niyyar sayarwa, suka bar wa wana hanyar fita. Mu kuma in tamu ta zo, Allah kada Ya tsayar da mu a rabi.

Ka huta lafiya.

Ƙaninka mai riƙe maka waya,
Nafi'u
Sultana, Madina.